Kwalaben da Ya Fanna Ta Karɓo

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi. Da farko kunya ce ta riƙe ni, domin magana ce ta magungunan da maza ke sha ko shafawa saboda saurin kawowa, kuma a gidanmu ba a yi mana tarbiyyar ambaton irin wannan ba. Amma abin da ya fi hana ni shi ne, a cikin labarin ni ce na yi kuskure mafi girma, ni da ke da takardar shaida. Shekara shida na yi a Indiya ina karatun haɗa magunguna. An koya mana illolin waɗannan magunguna a jere: jiri, tashin zuciya, yawan barci, mutuwar sha'awa, wani ma har farfaɗiya. Akwai layi guda a ƙasan shafi da ya ce na shafawa yakan taɓa matar ita ma. Na haddace shi saboda jarrabawa, na ci, na manta.

Wadda ta tuna mini da shi ba ta taɓa zama a aji ba. Ita da mijinta sun ba ni izinin rubutawa bisa sharaɗin in canza sunaye, na kuwa canza.

Ya Fanna mai turare ce a unguwar Mafoni. Gidanta na bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun ina ƙarama nake gane ranar da take dahuwar turare daga ƙamshin da ke tsallako mana. A hannun kakarta ta koya, wata tsohuwa 'yar Dikwa da aka ce ko a duhu tana bambanta icen hawi na gaske da na jabu. Ya Fanna ta gaji hancin, ta gaji faɗan. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, tana yafa lafaya kamar mai shirin tafiya wani wuri ko da tsakar gida za ta share. Tana yin turaren ɗaki, tana yin na kaya, tana yin humra ta shafawa, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne turaren tsugunno, wanda matan aure ke zubawa a kasko su tsuguna a kai hayaƙin ya ratsa su. Uwar amarya a unguwarmu ba ta jin ta gama haɗa kayan 'yarta sai da kwalbar Ya Fanna a ciki.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Za ta wanke farce, wato ɓawon nan na ruwa mai ƙarni, ta soya shi a cikin yashi mai zafi har ƙarnin ya fita. Za ta daka kajiji, ta fasa hawi da sandal ƙanana, ta narka sukari ya yi ja, ta juye icen a ciki, sannan ta bi da turarukan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe a manyan kwalabe mako biyu. Daga nan sai dokar da kowa ya san ta da ita: ba ta sayar da dahuwar da ba ta tsuguna a kanta ba. Kowace sabuwar tukunya, sai ta gwada a jikinta kwana uku a jere kafin cokali ɗaya ya fita daga gidan.

"Jikin 'yar mutane ba wurin gwaji ba ne," haka takan ce. "Nawa ne wurin gwaji."

Mijinta, Mikail, direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu zuwa Kano, wani lokaci har kudu. Mutum ne mai ƙaramar murya da yawan gaisuwa. 'Ya'yansu uku, babbar Turai, don haka Baban Turai take kiran sa.

Na dawo garinmu Yerwa a ƙarshen shekarar 2014, na tarar da garin ya cika da mutanen ƙauyuka da rikici ya koro, makarantu sun zama masauki, kowace kwana akwai shinge da buhunan yashi. Hanyar Gamboru, inda kayan turare ke shigowa daga Chadi da Sudan, ta rufe. Aure kuwa bai tsaya ba. An dai rage kwanakin biki, ana watsewa da wuri saboda dokar hana fita, amma amare na nan kowane mako. Hawin Ya Fanna ya ƙare, farce ya ƙare. Dole ta sayi na wani ɗan kasuwa da ke kawowa ta Kano, wanda ba ta taɓa hulɗa da shi ba. Ta shinshina, ta ɗan ƙona, hancinta bai ƙi ba, sai dai zuciyarta ba ta kwanta ba.

Wata safiya ta leƙo gidanmu, ta gaisa da mahaifiyata da Kanuri, sannan ta yafuto ni.

"'Yar Indiya, zo. Kin je ƙasar sandal kin dawo ko tsinke ba ki riƙo mini ba, to yau ki biya ni da ilimi."

Muka shiga ɗakinta ta tura ƙofa. Ta faɗa mini ba tare da kewaye-kewaye ba. Kusan wata guda ke nan tana fama da raɗaɗi a gabanta, wani lokaci da ƙaiƙayi, wani lokaci kuma wurin ya mutu gaba ɗaya kamar ba jikinta ba, sai bayan sa'o'i ya dawo. Ta sha maganin sanyi iri biyu daga kemis, ba canji. Abin ya fara ne daidai lokacin da ta gwada tukunyar farko ta sabon kaya, sai dai a kwana ukun gwajin ba ta ji komai ba, shi ya sa ta sayar. Bayan nan ne ya taso. Jiya kuma wata mai saye, Zainaba, matar wani tela a Shehuri, ta zo ta raɗa mata cewa ita ma haka take ji.

"Mutum biyu," in ji ta. "Ki duba mini kayan nan."

Ta baje su a faifai. Na ɗauki ɓawon farce na juya shi, na shinshina hawi, ina yin fuskar masu bincike. Gaskiyar magana ba ni da na'urar da zan auna komai, kuma ba na buƙatarta, domin na riga na yanke hukunci tun ina aji uku a jami'a. Na daɗe ina ganin tsuguna wa hayaƙi al'ada ce da ya kamata a bari. Sai na yi mata bayani mai tsawo a kan fata mai laushi, da zafi, da sinadaran da 'yan kasuwa ke fesa wa ice mara ƙamshi don ya yi kama da na gaske. Duk abin da na faɗa yana iya faruwa. Ban dai yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ban ce wace rana abin ke tashi ba, ban ce me ya gabace shi ba.

"Ke nan turaren ne."

"Shi na fi zargi, Ya Fanna."

Ta kwashe kayan ta mayar cikin buhu. "Kwalba talatin da ɗaya suka fita daga tukunyar nan. Na san gidan da kowace take."

Ban zaci za ta yi abin da ta yi ba. Na ɗauka za ta daina sayarwa ta yi shiru. Washegari ta tari Keke Napep ta fara bin gidaje. Kwana biyar ta yi tana yi, daga Mafoni zuwa Shehuri, har Old Maiduguri inda aka kai wasu amare biyu. A kowane shinge sai an sauke ta an buɗe jakar, soja ya ɗaga kwalba ya duba, ta ce masa ya shinshina in yana so, amma kada ya tsuguna. A kowane gida magana ɗaya take yi: wannan dahuwa ba ta yarda da ita ba, a ba ta abinta. Wasu sun ce su lafiya lau suke ji, ta ce duk da haka. Wata amarya ta ɓoye tata a ƙarƙashin gado, Ya Fanna ta durƙusa ta zaro da kanta.

Na raka ta rana ɗaya. Muna fitowa daga wani gida na ji matan zaure suna magana ƙasa-ƙasa, ɗaya ta ce ashe har Fanna ta fara haɗi da jabu. Ta ji, ba ta waiwaya ba. A cikin keke ta ce mini, "Gara su faɗa a kaina da su faɗa a kan gadon asibiti."

Kafin mako biyu labari ya gama unguwa, kuma kamar yadda aka saba, ya ƙara kitse a hanya. Aka ce wata amarya ta ƙone. Aka ce an kwantar da wata. Babu wanda ya faru. Masu zuwa saye suka ɗauke ƙafa, har masu turaren ɗaki da ba ruwansa da maganar. Mafi nauyi shi ne saƙon Hajja, matar wani babban dillalin shanu, wadda ta riga ta ba Ya Fanna aikin kayan ƙamshin 'yarta Siddiƙa gaba ɗaya. Bikin saura wata biyu. Hajja ta aiko a ce a dakata tukuna. A garin nan, idan gidan Hajja suka karɓi turarenki, gidaje ashirin za su biyo baya, idan suka mayar ma haka.

Ya Fanna ta jera kwalaben a ƙarƙashin rumfa ta rufe da tsohon zane. Ta daina tsugunno ɗungurungum. Mako uku ba ta kusanci kasko ba, amma raɗaɗin bai tafi ba. Yakan yi kwana huɗu ko biyar babu, sai ya dawo. Da ta gaya mini, na ce fata takan ɗauki lokaci kafin ta warke. Ta dube ni irin duban da take yi wa ɗan kasuwar da ya ce mata hawinsa na bana ne.

Abin da ya biyo baya ita kaɗai ta yi shi, daga baya ta ba ni labari. Mikail ya samu lodi zuwa kudu, tafiyar kwana tara. Ranar da ya tafi ta yaye zanen nan, ta ɗauki kwalba daga cikin waɗanda ta karɓo, ta hura gawayi ta tsuguna. Ta ce ta gaji da zargin abin da ba ta kama shi da laifi ba. In shi ne, ya nuna kansa. Kwana uku, ba komai. Ta canza kwalba, ta ɗauki ta gidan Zainaba, ta ƙara uku. Ba komai. Ta ninka yawan da take zubawa ta cike kwana tara. Ko ƙaiƙayi. Mikail ya dawo ranar Talata. Ranar Laraba ta tashi da raɗaɗi.

Ta bari sai bayan la'asar, yara sun tafi islamiyya. Yana zaune a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalminsa da ta tsinke. Ta ajiye masa shayi ta zauna a kan turmi.

"Baban Turai, tambaya zan yi maka, kuma ba faɗa na zo yi ba."

"Allah ya sa ba tuƙi kike so in koya miki ba."

"Kwana taran da ka yi a hanya, kullum ina kan turaren nan da na karɓo. Lafiyata ƙalau. Ka dawo jiya, yau ga ni. Na gama binciken kayana. Saura naka."

Ya ci gaba da jan igiyar takalmin.

"In ciwo ka ɗauko a hanya, ka faɗa mini mu tafi asibiti tare. Maganar wadda ta ba ka, ma yi ta daga baya."

"Wallahi, Fanna, ban taɓa ba. Kin san ni."

"Na san ka. Shi ya sa nake tambayar ka ban tambayi malami ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ta ce ta ji yana buɗe jakar tafiyarsa, ya daɗe. Da ya fito sai ya miƙa mata safa guda a ƙudundune, a cikinta wani ɗan gwangwani na fesawa, bai wuce tsawon yatsa ba.

A nan ne ya faɗa mata abin da ya riƙe fiye da shekara. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar Damaturu yana ciki, ya bar motar ya kwanta a cikin ciyawa yana jin abin da ake yi wa waɗanda ba su samu gudu ba, jikinsa bai sake zama daidai ba. Komai nasa ya koma sauri. Abinci da sauri, salla da sauri, ƙarar faɗuwar kwano sai ya zabura. Shimfiɗa ma haka, kafin a fara ya gama. A tasha ya ji direbobi suna cewa tiramol na maganin wannan, ya fara sha. Ya yi aiki, amma ya zo da jiri da amai, ga barci mai nauyi da rana tsaka. Wata rana kusa da Potiskum ya farka ya ga tayoyinsa sun sauka daga kwalta, da shanu talatin a bayansa. Ya kuma ga wani abokin aikinsa ya faɗi yana shure-shure a gaban mai shayi, bakinsa na kumfa. Sai ya daina. Makon nan da ya kwanta yana zufa yana ciwon gaɓoɓi, ita tana dafa masa ganye a zaton zazzaɓin sauro ne, jikinsa ne ke neman ƙwayar. Bayan haka wani mai talla a wata tasha ya nuna masa na fesawa, ya ce wannan ba ya shiga jini, ba ruwansa da kai.

"Kana kallo ina yawo gida-gida ina karɓo kwalabe," in ji ta.

"Da farko ban san shi ba ne. Daga baya na fara zargi. Sai bakina ya ƙi buɗuwa."

"Na taɓa yi maka ƙorafi a kan abin nan?"

"Ba ki taɓa ba. Shi ya fi damuna."

Ta ce ta so ta yi fushi, sai ta ga shayin da ta ajiye masa ko taɓa shi bai yi ba. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Sha kafin ya huce."

Da safe ta kawo mini gwangwanin a cikin kwalbar turare da babu komai, ta rufe da murfi kamar mai kawo saƙon amarya. Na karanta jikinsa. Maganin kashe jin zafi ne, dangin wanda ake yi wa mutum allurarsa kafin a cire haƙori ko a yi ɗinki. Yana rage wa namiji ji, shi ya sa yake jinkirta shi. Idan aka fesa da yawa, ko ba a jira ya shiga fata an goge ragowar ba, sai ya koma jikin matar, ya kashe mata wurin, wata kuma ya sa mata raɗaɗi da ƙaiƙayi. Rubutun da ke jiki ƙanana ne, da Turanci, Mikail kuwa ajami yake karantawa. Mai tallan ya ce masa ya fesa sosai.

Layin nan na ƙasan shafi ya dawo mini kalma bayan kalma. Na ce, "Ya Fanna, wannan na san shi. Da na tambaye ki ranakun da abin ke tashi, da ba ki taka gidan kowa ba. Ki yafe mini."

"Ke dai kin tsani kaskona tun kina 'yar makaranta," ta ce tana dariya. "Yanzu faɗa mini wanda Baban Turai zai gani. Ba zai zauna gabanki ya yi wannan magana ba, ke da ya ɗauka a kafaɗa kina yarinya."

Na haɗa shi da Dzarma, wani dattijon nas ɗan Biu da nake aiki tare da shi a wani ƙaramin asibiti, mutumin da maza ke sakin jiki da shi saboda ba ya gaggawa kuma ba ya mamaki. Ban san abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san Dzarma ya fi ba ranar tare hanya muhimmanci a kan maganar shimfiɗa, ya kuma tura shi wurin likitan da ke duba masu firgici. Gwangwanin ya tafi masai. Bayan wasu watanni Ya Fanna ta ce mini abin ya yi sauƙi, wata rana haka wata rana haka, kuma su biyu ne a ɗakin, ba wanda ke riƙe musu agogo.

Bayan gano gwangwanin, Zainaba ce Ya Fanna ta fara nema. Ta ja ta gefe ta ce ta duba ko maigidanta yana shafa wani abu. Zainaba ta rufe baki da mayafi, ta ce ita ina za ta iya wannan bincike. Kwana biyu ta dawo tana dariya har da hawaye, ta samu nasa a saman kwaba, na matsawa ne kamar man goge baki.

"Ya aka yi kika sani?"

"Ina da 'yar Indiya a bayan gida," in ji Ya Fanna. Haka aka ba ni yabon da ban ci ba, na kuma karɓa, don na gane abin da take karewa.

Saura Hajja. Ya Fanna ta san turarenta ba shi da laifi, amma da bakinta ta bi gari ta ce yana da shi, kuma hujjar da za ta wanke shi tana cikin safar mijinta. Ta ce in raka ta. Muka tafi da hantsi da kwalabe uku a jaka. Hajja na zaune a kan darduma a falonta, ana yi mata tsifa, ga akwatunan Siddiƙa a jere a bango.

"Wushe, Fanna. Kwana biyu."

"Wushe, Hajja. Na zo da turaren nan ne. Shi ɗin dai, ban sake dahuwa ba. Na zauna a kansa kwana tara, na ƙara tara. Lafiyarsa ƙalau. Kuskure na yi."

"Ke kika ce yana ƙona mutane."

"Na ce ban yarda da shi ba. Yanzu na yarda."

"To me ya ƙona ki?"

"Wani abu ne daban, kuma an rabu da shi."

Hajja ta ɗaga hannu, mai tsifar ta fita. Ta juyo gare ni. "Ke likita, mene ne?"

Na ce ba turaren ba ne, wannan zan iya rantsuwa a kai, sauran kuma ba nawa ba ne da zan faɗa.

"Fanna, 'yata ce. Ba zan ɗora ta a kan kasko da 'wani abu ne daban' ba. Mu uku ne a nan. Faɗa mini, in ji da kunnena, yau ɗin nan ki kwashi aikin gaba ɗaya."

Ya Fanna ta gyara lafayarta. "Hajja, shekara goma sha tara kina karɓar turarena. Ranar da na yi zargin sa, ban jira an gano ba, ni na bi gidaje na karɓo shi. Matar da ta yi wannan ita ce yau take ce miki lafiyarsa ƙalau. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Hajja ta buɗe kwalba ɗaya ta shinshina, ta rufe. Ta dubi akwatunan. Daga ƙarshe ta ce a kawo turaren ɗaki da na kaya da humra, duka. Na tsugunno kuwa za ta karɓa a wani wuri, kada Fanna ta ji haushi. Ya Fanna ta ce ba ta ji ba, ta yi wa amarya addu'a, muka fito. Kwalbar da Hajja ta buɗe ta bar ta a kan darduma, ba wanda ya ce a ɗauka.

Ranar wushe-wushe, taron maraba da ango a gidan amarya, gidan ya cika da ƙamshin da kowace mace a wurin ta san na wane ne, kuma hakan ya dawo da masu turaren ɗaki cikin 'yan makonni. Na tsugunno ya fi wuya. Sai da ya kusa shekara, tsofaffi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, sannan 'ya'yansu. Akwai gidajen da har yau ba su dawo ba, kuma har yau akwai mai cewa turaren Fanna ya taɓa ƙona wata amarya. Ta ƙara doka ɗaya a kan ta kakarta: duk matar da ta zo da ƙorafi, sai ta zaunar da ita ta tambaye ta ranaku, ta tambaye ta abin da ke saman kwaba. Waɗanda abin ya fi ƙarfinta takan turo mini su, mazan kuma a san yadda aka yi suka isa wurin Dzarma. Ni ma yanzu ba na buɗe baki a kan ciwon kowa sai na ji yaushe yake tashi.

Kwanan baya ina zaune a tsakar gidanta tana soya farce, hayaƙi na sa mu tari, na yi mata tambayar da ta daɗe a raina.

"Ya Fanna, ranar nan a gidan Hajja. Ta kori mai tsifa, daga ita sai mu. Kin san ba mai yawo da magana ba ce. Me ya hana ki faɗa mata? Da kin huta da shekara guda."

Ta juya yashin da ludayi, ta tsamo ɓawo ɗaya ta duba ta mayar.

"Za ta riƙe, na sani. Amma shanun mijinta Baban Turai yake ɗauka. Duk tafiya sai ya shiga gidan ya durƙusa ya gaishe ta. Ita ta sani, ni na san ta sani, shi kaɗai ne zai riƙa gaisuwa bai san da wane ido ake kallon sa ba. Sunan turare kuwa na san yadda ake dafa shi, na taɓa yi tun daga farko. Miƙo mini faifan nan."